Yadda ake amfani da ƙididdiga a manhajar Excel domin sanin yawan kayan da ya kamata a ajiye a sito

Yawancin 'yan kasuwar da ke sayar da kayan masarufi a sari suna da alƙaluma masu yawa fiye da yadda suke zato, domin kowane rasit da aka yanka da kowane shafi na littafin ciniki bayani ne da aka riga aka adana. Abin da ya rage shi ne hanyar da za a sa waɗannan alƙaluma su amsa tambayar da ke damun mai dukiya. Wannan jagora zai bi misalin ɗan kasuwa guda a kasuwar Singa ta Kano, wanda ke sayar da sukari buhu-buhu, yana kuma fama da matsala biyu masu karo da juna: wani lokaci kaya su yanke masa kwastoma ya wuce shagon maƙwabci, wani lokaci kuma ya lafta sari mai yawa jarinsa ya kwanta a sito. Duk lambobin cinikin da za a gani a nan na misali ne, an zaɓe su ne domin lissafin ya fito fili.

Za a yi aikin da Microsoft Excel saboda ita ce aka fi samu a kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu. Akwai manhajojin da suka fi ta ƙarfi, irin su SPSS da ta fara fitowa a 1968, da R wadda kyauta ce amma sai an koyi rubuta mata umarni, sai dai shafin Excel guda yana ɗaukar layuka 1,048,576, kuma da wuya cinikin shago ɗaya ya cika shi.

Mataki na 1: Mayar da damuwa ta zama tambayar da lamba za ta amsa

Kafin a kunna kwamfuta, a rubuta tambayar a takarda. Cewa "kasuwa ta yi sanyi" ƙorafi ne, babu lissafin da zai amsa shi. Tambayar da ta dace ita ce: buhu nawa ya kamata ya rage a sito a ranar da zan aika kuɗin sabon kaya, ta yadda ba zai ƙare ba kafin mota ta iso? Wannan tambaya ita ce ke faɗa maka bayanan da kake buƙata, wato yawan buhunan da ke fita kowace rana, da yadda wannan adadi ke hawa da sauka, da kwanakin da kaya ke ɗauka daga ranar biya zuwa ranar saukewa.

Mataki na 2: Shigar da bayanai cikin tsari

Ƙa'idar ita ce kowane ciniki ya samu layinsa, kowane irin bayani kuma ya samu ginshiƙinsa. A layin farko ka rubuta kanun ginshiƙai: kwanan wata a A, sunan kaya a B, kwastoma a C, yawan buhu a D, farashin buhu a E. Kada a haɗa gurabe biyu su zama ɗaya domin ado, kada a bar layi babu komai a tsakiya, kada kuma a rubuta jimillar mako a cikin jadawalin, domin manhajar za ta ɗauke ta a matsayin wani ciniki ta ninka lissafin. A gurbin lamba a rubuta lamba tsura, wato 25, ba "buhu 25" ba.

Ka ƙara ginshiƙai biyu da littafin ciniki bai saba ɗauka ba. A ginshiƙin F ka sa 1 idan ranar ta faɗa cikin azumi ko makonni biyun da ke gabansa, ka sa 0 idan ba haka ba. A ginshiƙin G ka sa 1 a duk ranar da kaya suka yanke. Dalilin na biyun shi ne ranar da aka sayar da buhu 3 saboda su kaɗai suka rage ba ta nuna abin da kwastomomi suka nema, kuma idan aka bar ta cikin lissafi za ta ja matsakaici ƙasa, a sake saro kaɗan, kaya su sake yankewa.

Wata shida na ciniki ya isa a fara, amma shekara biyu ce ke nuna yanayin lokuta.

Mataki na 3: Tsaftace bayanan

Wannan mataki ne ke cin lokaci fiye da sauran, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Idan yaran shago uku suka yi rubutu, za ka tarar da "sukari" da "suga" da "sikari" a ginshiƙi ɗaya, manhajar kuwa za ta ɗauke su kaya uku daban. Ka danna Filter a ƙarƙashin Data, ka buɗe jerin sunayen da ke ginshiƙin B, nan take za ka ga duk sigogin da aka rubuta, sai ka daidaita su. Umarnin =TRIM(B2) yana cire tazarar da ta yi yawa a gaba ko bayan kalma, wadda ido ba ya gani. Domin gaba kuma, Data Validation yana ba ka damar kafa jerin sunaye, ta yadda mai shigarwa zai zaɓa ne kawai.

Kwanan wata yana da nasa tarkon. Idan kwamfutar tana bin tsarin Amurka, 03/04/2025 na nufin 4 ga Maris, alhali mai rubutawa 3 ga Afrilu yake nufi. Alamar da za ta tona wannan ita ce kwanakin da suka wuce 12 ga wata za su jingina ta hagu a gurbinsu, domin an ɗauke su rubutu, Excel kuwa na jingina rubutu ta hagu, lambobi da kwanaki kuma ta dama. Haka ma duk lambar da ka gani ta hagu da ɗan koren tabo a kusurwa, an adana ta a matsayin rubutu, kuma ba za ta shiga jimilla ba. Masu aiki da Excel na Faransanci a Maradi ko Damagaram su lura cewa sunayen umarnin sun bambanta, misali MOYENNE maimakon AVERAGE, kuma waƙafi mai ɗigo ne ke raba sassan umarni.

Bayan haka sai a tattara cinikin kowace rana. Ka zaɓi jadawalin, ka shiga Insert ka danna PivotTable, ka ja kwanan wata zuwa Rows, yawan buhu zuwa Values, sunan kaya zuwa Filters, ka zaɓi sukari. Ranar da aka buɗe shago ba a sayar da ko buhu ɗaya ba ba za ta fito a nan ba, don haka sai ka mayar da ita da hannu ka sa mata 0. Ka kwafe ranakun da ba na azumi ba, waɗanda kaya ba su yanke ba, zuwa sabon shafi, kwanan wata a A, yawan buhu a B. Kwafewar tana da muhimmanci, domin AVERAGE yana haɗawa da layukan da Filter ya ɓoye.

Mataki na 4: Ƙirga buhu, kada ka ƙirga naira

A lokacin hauhawar farashi, jimillar kuɗin ciniki tana yaudara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Ɗan kasuwar da cinikinsa na naira ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a wannan shekara zai ga kamar ya ci gaba, amma idan aka raba 1.25 da 1.348 za a samu kusan 0.93, ma'ana ainihin cinikinsa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Haka nan alƙaluman farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, da na bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ba su kamata a gauraya su da na yanzu ba tare da lura ba. Saboda haka duk lissafin da ke tafe a kan buhu za a yi shi.

Mataki na 5: Kalli zane kafin ka yarda da lamba

Ka zaɓi ginshiƙin cinikin kullum ka yi zane biyu daga Insert. Na farko zanen layi ne mai bin kwanaki, wanda zai nuna ko ciniki na hawa, ko yana sauka, ko yana tashi a ƙarshen kowane wata idan an biya albashi. Na biyu shi ne Histogram, wanda ke cikin Excel tun daga fitowar 2016, yana kuma nuna ranaku nawa ne ciniki ya faɗa tsakanin buhu 10 zuwa 15, nawa ne tsakanin 15 zuwa 20, har zuwa ƙarshe. Masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya nuna a 1973 cewa rukunin alƙaluma huɗu na iya samun matsakaici ɗaya da ma'aunin alaƙa ɗaya, amma zanensu ya sha bamban ƙwarai. Idan zanenka ya fito da tudu guda a tsakiya, lissafin da ke gaba zai yi aiki. Idan ya fito da tudu biyu, mai yiwuwa kana da kwastomomi iri biyu, masu ƙananan kantuna da masu gidajen burodi, kuma gara a raba lissafinsu.

Mataki na 6: Matsakaici, lambar tsakiya da warwatsuwa

A ɗauki cinikin kwana bakwai: 18, 22, 20, 19, 21, 24, 86. Jimillarsu 210 ce, don haka =AVERAGE(B2:B8) zai ba da 30. Amma =MEDIAN(B2:B8), wanda ke jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ya ɗauko ta tsakiya, zai ba da 21. Babu ranar da aka sayar da buhu 30, kuma kwana shida cikin bakwai ciniki bai wuce 24 ba. Buhu 86 na rana guda ne ya ja matsakaicin sama, watakila wani mai gidan burodi ne ya yi lodi. Duk lokacin da waɗannan lambobi biyu suka yi nisa da juna, akwai ranakun da suka fita daban, kuma dole a nemo su.

Hanyar da masanin ƙididdiga John Tukey ya shimfiɗa ita ce mafi sauƙi. Ka nemo =QUARTILE.INC(B2:B151,1) da =QUARTILE.INC(B2:B151,3), wato lambar da rubu'in ranaku ke ƙasa da ita da wadda rubu'in ranaku ke sama da ita. Idan sun fito 18 da 26, tazararsu 8 ce, a ninka ta da 1.5 a samu 12. Duk ranar da ta gaza 6 ko ta haura 38 sai a koma littafi a bincika. Idan kuskuren rubutu ne, kamar 220 a maimakon 22, a gyara. Idan oda ce ta musamman da aka sanar da ita tun da wuri, a cire ta, domin irinta ana saro mata kayanta daban. Idan kuwa kwastoma ne da ke zuwa ba zato kowane wata, to yana cikin kasuwarka, kuma share shi domin lissafi ya yi kyau yaudarar kai ce.

Lamba ta uku ita ce ma'aunin warwatsuwa, wanda ke nuna yadda cinikin kullum ke nisanta daga matsakaici. Umarninsa shi ne =STDEV.S(B2:B151). Ana amfani da mai harafin S ne saboda ranakun da ke hannunka samfuri ne na ranakun kasuwa, ba dukkansu ba. Idan zanen ya yi tudu guda daidaitacce, kusan kashi 68 cikin 100 na ranaku za su faɗa cikin ma'auni ɗaya sama ko ƙasa da matsakaici, kusan kashi 95 kuma cikin ma'auni biyu. Shaguna biyu na iya sayar da buhu 22 a rana a matsakaici, amma mai warwatsuwar 12 yana buƙatar ajiyar ko-ta-kwana ninkin ta mai warwatsuwar 6.

Wanda ke son ganin waɗannan lambobi gaba ɗaya ya kunna Analysis ToolPak: File, sai Options, sai Add-ins, sai Go, ya yi masa alama. Daga nan Data Analysis zai bayyana a ƙarshen Data, kuma Descriptive Statistics na ciki. Wannan ƙari ba ya cikin Excel na waya. A LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, irin waɗannan kayan aiki suna ƙarƙashin Data, sai Statistics.

Mataki na 7: Lissafa ranar sake saro kaya

Yanzu an zo kan tambayar farko. A ce bayan tsaftacewa matsakaici ya fito buhu 22 a rana, warwatsuwa 6, kuma kaya na ɗaukar kwana 4 kafin su iso. A cikin kwana huɗun ana sa ran fitar da 22 sau 4, wato buhu 88. Wanda ya jira sai 88 sun rage kafin ya aika kuɗi, kaya za su yanke masa kusan rabin lokutan, domin rabin lokaci ciniki na haura matsakaici. Saboda haka ana ƙara wasu buhunan na ko-ta-kwana.

Warwatsuwar kwana huɗu ba 6 sau 4 ba ce, domin ranar da ciniki ya tashi da ranar da ya faɗi suna rage wa juna kaifi. Ana ninka 6 ne da saiwar 4, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 4, a samu 12. Sai a zaɓi matakin kariya. Idan kana so a cikin kowane sari 100 kaya su isa a 95, umarnin =NORM.S.INV(0.95) zai ba da 1.645, a ninka da 12 a samu kusan buhu 20. Cikakken umarnin shi ne =22*4+NORM.S.INV(0.95)*6*SQRT(4), amsar kuma kusan 108. Ma'ana ranar da buhu 108 suka rage a sito, ranar ce za a aika kuɗi.

Idan aka ɗaga kariyar zuwa kashi 99, lambar ta koma 2.326, ajiyar ko-ta-kwana ta zama buhu 28, a sake saye a kan 116. Idan aka sauke ta zuwa kashi 90, ajiyar ta dawo kusan 15. Zaɓi tsakanin waɗannan hukunci ne na mai dukiya, kuma manhaja ba ta da ta cewa a ciki. Ya auna kuɗin da buhu takwas na ƙari za su ɗaure, ya kwatanta da ribar da zai rasa da kwastoman da zai iya sabawa da wani shagon. A ganina kayan da ba sa lalacewa da wuri kuma farashinsu ke hawa, irin sukari, sun cancanci kariya mai tsauri fiye da kayan da ke da wa'adin lalacewa.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa kwanakin isowar kaya ba sa canzawa. Idan mota kan iso wani lokaci a kwana 3, wani lokaci a kwana 7, to jinkirin hanya ya fi warwatsuwar ciniki haɗari, kuma mafi sauƙi shi ne a rubuta kwanakin kowane lodi, a yi lissafin da adadin da motoci tara cikin goma ba sa wucewa.

Azumi yana buƙatar nasa lissafin daban da ranakun da aka yi wa alamar 1. Kada a dogara da kwatanta watan Maris na bana da na bara, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A Najeriya an fara azumi a ranar 23 ga Maris a 2023, da 11 ga Maris a 2024, da 1 ga Maris a 2025, saboda haka Maris ɗin 2023 kwana tara kacal ya ɗauka na azumi, na 2025 kuwa kusan dukkansa.

Mataki na 8: Gwada ko wani sauyi ya yi tasiri

A ce an fara kai wa kwastomomi kaya har ƙofar kanti kyauta, ana so a san ko hakan ya ƙara ciniki. Ka ɗauki kwastomomi 20, ka rubuta abin da kowannensu ya saya a wata guda kafin sauyin a ginshiƙin B, da na wata guda bayansa a ginshiƙin C, ka tabbata watannin biyu ba na azumi ko sallah ba ne. Sai ka rubuta =T.TEST(B2:B21,C2:C21,2,1). Lambar 1 ta ƙarshe na nufin mutanen ɗaya ne aka auna sau biyu. Idan rukuni biyu ne daban, kamar rassa biyu, a sa 3. William Gosset ne ya samar da tushen wannan gwaji a 1908 yana aiki a kamfanin Guinness da ke Dublin, saboda yana buƙatar yanke hukunci kan ingancin kaya daga samfuri kaɗan.

Amsar lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan ta fito 0.03, ma'anarta ita ce da a ce sauyin bai yi komai ba, sau 3 cikin 100 ne kawai za a ga bambanci mai girman haka. Al'adar ɗaukar 0.05 a matsayin iyaka ta yaɗu ne daga rubuce-rubucen masanin ƙididdiga Ronald Fisher na 1925, kuma ba doka ba ce. Lambar ba ta faɗin girman bambancin, don haka sai a koma a ga buhu nawa aka ƙara. Idan ƙarin buhu biyu ne ga kowane kwastoma a wata, ribar buhu biyun kuma ba ta biya kuɗin mai da na 'yan dako ba, gwajin ya tabbatar da ƙarin ciniki ne tare da asara.

Mataki na 9: Alaƙar farashi da ciniki

Umarnin =CORREL(B2:B151,C2:C151), idan yawan buhu na B farashi kuma na C, yana auna alaƙarsu da lamba tsakanin -1 da 1. Idan ka gwada farashin sukari da yawan buhunan da aka sayar a duk shekara, kada ka yi mamakin ganin alaƙar ta fito sama da 0, kamar tsada ce ke jawo masu saye. Azumi ne ke ɗaga su biyun a lokaci guda. Maganin wannan shi ne Regression da ke cikin Data Analysis. Ka sa yawan buhu a Input Y Range, ka sa farashi da alamar azumi a Input X Range, ginshiƙan biyu kuma dole su kasance manne da juna. A sakamakon, lambar da ke gaban farashi za ta nuna buhu nawa ciniki ke raguwa idan an ƙara farashi alhali lokacin bai canza ba, ta gaban azumi kuma za ta nuna buhu nawa azumi ke ƙarawa a rana. R Square yana nuna kason hawa da saukar ciniki da abubuwan biyu suka bayyana. Hasashen yana aiki ne kawai a tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girman farashin da ke cikin bayananka.

Mataki na 10: Aiwatarwa da sabuntawa

Ka rubuta sakamakon cikin jimla guda da yaron sito zai gane, ka manna a bango: idan sukari ya sauko buhu 108, a sanar da maigida a ranar. Ka ci gaba da cika ginshiƙin G, bayan wata uku ka ƙirga sau nawa kaya suka yanke. Idan a cikin sari 20 sun yanke sau 1, lissafin yana tafiya daidai da kariyar kashi 95. Idan sun yanke sau 4 ko 5, ka fara duba kwanakin isowar mota, sannan ka sake lissafa matsakaici da warwatsuwa da ranakun baya-bayan nan. Haka za a yi duk lokacin da farashi ya yi babban tsalle, ko aka samu sabon kwastoma mai ɗaukar kaya da yawa, ko aka sauya kamfanin da ake saro kaya. Idan na sukari ya zauna, sai a kwafi shafin a yi wa shinkafa da taliya da man girki, a fara da kayan da PivotTable ya nuna sun fi ɗaure jari.